Gina tsoka ba tare da alkama ko madara ba: daga ina furotin zai fito?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai shekara 26 da nauyin kilo 70, wanda yake ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako. Ya ce duk lokacin da ya ci burodi ko taliya, ko ya sha madara, sai cikinsa ya kumbura ya yi ta zawo, shi ya sa ya daina cin duk abin da aka yi da alkama, ya kuma bar madara da danginta, kuma tun daga nan ya sami sauƙi ƙwarai. Sai dai abokan atisayensa sun gaya masa cewa ƙwanji ba ya taruwa sai da madara da hodar furotin ta ruwan madara, wadda suke kira wei, don haka yake so ya san ko akwai hanyar da zai bi ya sami isasshen furotin a halin da yake ciki.

Ɗan'uwa, hanya tana nan, kuma yawancin abin da kake buƙata yana cikin kasuwar unguwarku. Alkama dai ba ta taɓa zama ginshiƙin furotin ga mai gina jiki ba, domin yankan burodi ɗaya bai wuce giram 3 ko 4 ba, kuma gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai mai suna rai, yana da ƙarancin wani amino asid, wato ɗaya daga cikin tubalan da suke haɗuwa su zama furotin, mai suna laisin, wanda jiki ba ya iya haɗa shi da kansa. Madara kuwa gaskiya ne furotin ɗinta na da inganci sosai, amma kofi guda yana ba da kimanin giram 8 ne kawai, abin da dafaffen ƙwai ɗaya da rabi zai maye gurbinsa. Abin da ka rasa da barin waɗannan biyun shi ne sauƙi, wato abincin da ake saya a ci a tsaye ba tare da an hura wuta ba. Maganin wannan kuwa shi ne lissafi da tanadi tun da safe.

Mu fara da adadin da kake buƙata. Ma'aunin da hukumomin lafiya suka daɗe suna bayarwa ga baligi shi ne giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, amma wannan an tsara shi ne don kada mutum ya gaza, ba don wanda yake son ƙara tsoka ba. A shekarar 2018 an buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan masu ɗaga ƙarfe sama da 1,800, inda aka ga cewa ƙarin furotin yana ƙara tsoka har zuwa kimanin giram 1.6 a kowane kilo, daga nan kuma amfanin ƙarin ya tsaya ga yawancin mutane, ko da yake wasu kan buƙaci kusan giram 2.2. A nauyinka na kilo 70, wannan yana nufin giram 112 a rana, kuma ba ka da dalilin wuce giram 154. Shawarata ita ce ka sa gaba a kan giram 120 zuwa 130, saboda kaso mai yawa na abin da za ka ci zai fito ne daga hatsi da wake, kuma jiki ba ya tatse furotin ɗin tsirrai gaba ɗaya kamar yadda yake yi wa na ƙwai da kifi da nama.

Yadda za ka rarraba wannan adadi yana da muhimmanci, duk da cewa jimillar yini ita ce kan gaba. Tsoka takan fi amsawa idan ta sami giram 25 zuwa 40 a zama ɗaya, sau uku ko huɗu a rana, domin a wannan adadin ne ake samun giram 2 zuwa 3 na liyusin, amino asid ɗin da ke tayar da aikin ginin tsoka. A nan ne cin abincinmu na yau da kullum yake da rauni. Mutum zai karya da koko da sukari, da rana ya ci shinkafa da mai da yaji, da dare kuma ya zauna gaban malmalar tuwo biyu da miyar da yankan nama ɗaya ne a cikinta, ya tashi a ƙoshe, alhali duk yinin bai haɗa giram 60 ba. Saboda haka kafin kowane cin abinci ka fara tambayar kanka daga ina giram 30 za su fito, sannan ka zo kan tuwo ko shinkafar da za su raka su.

Ƙwai shi ne mafi sauƙin lissafi, domin kowane ɗaya yana da kimanin giram 6, kuma ba shi da alaƙa da madara ko kaɗan, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su aji ɗaya saboda a teburin mai shayi suke ganin su tare. Ka dafa shi ko ka soya, kada ka sha shi ɗanye kamar yadda wasu matasa ke yi, domin gwajin da aka yi a kan mutane ya nuna cewa jiki yana amfana da kimanin kashi 90 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kusan rabi kawai, ga kuma haɗarin ƙwayar cutar salmonela. Dafaffen ƙirjin kaza giram 100 yana da kimanin giram 30, jan naman sa ko na akuya marar kitse yana da kimanin 26, kifi kuma 20 zuwa 25. Idan ba ka da sikeli, yankan da ya kai faɗi da kaurin tafin hannunka, ban da yatsu, ya kusa giram 100. Busasshen kifi da banda da kilishi sun fi haka nesa ba kusa ba saboda ruwansu ya fita, har furotin yakan kai rabin nauyin kilishi ko fiye, sai dai gishirinsa da tsadarsa sun sa ya fi dacewa da guzurin tafiya a kan cin kullum. Fara ma, wadda ake soyawa ana sayarwa a Maiduguri da Kano da garuruwan Nijar, tana da furotin mai yawa, amma ka saya a wurin wanda ka amince da shi saboda maganin feshi, kuma wanda jikinsa ba ya jituwa da jatan lande ya yi hattara da ita.

Akwai abin da nake so ka cire daga lissafinka, wato ganda da ƙafar sa da jijiya. Furotin ɗin da ke cikinsu kolajin ne, wanda ba shi da amino asid mai suna tiriftofan, liyusin ɗinsa kuma kaɗan ne, don haka ka ci su don daɗi idan kana so, amma kuɗin da za ka kashe a kansu da niyyar gina tsoka gara ka sayi ƙwai ko kifi da shi.

Inda arziƙinmu yake na haƙiƙa shi ne dangin wake, kuma a kansu ne mai ƙaramin ƙarfi zai fi dogara. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, kuma busasshen wake giram 100 yana ɗauke da kimanin giram 24 na furotin. Ka lura da kalmar busasshe, domin idan ya dahu ya sha ruwa, giram 100 na dafaffensa bai wuce giram 8 ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗar kansu a lissafi. Waken soya ya fi shi, yana da kimanin giram 36 a busashe, furotin ɗinsa kuma shi ne mafi kusa da na dabba a cikin tsirran da muke nomawa. Awara mai tauri da aka matse da kyau tana ba da giram 12 zuwa 15 a kowane giram 100, kofin madarar waken soya mai kauri kuma kimanin giram 7, kusan daidai da na saniya. Gyaɗa tana da kimanin giram 25, agushi ya ɗan fi haka, riɗi da gurjiya kuma suna kusa da 18 zuwa 20. Ƙuliƙuli ya fi gyaɗar da aka yi shi da ita yawan furotin tun da an matse mai, sai dai duk wanda ya yi wari ko ɗaci ko ya nuna alamar fumfuna a zubar da shi, saboda gubar aflatoksin da ke lalata hanta.

Hatsi yana da ƙarancin laisin amma yana da metiyonin, wake kuma akasin haka, shi ya sa haɗa su yake ba da furotin da ya fi na kowannensu shi kaɗai inganci. Shinkafa da wake, koko da ƙosai, alala da kunu, faten wake da masara, duk haɗi ne da iyayenmu suka daɗe suna yi, kuma ba dole ne a ci su a kwano ɗaya ba muddin sun haɗu a cikin yini. Gero da dawa suna da giram 10 zuwa 11 a kowane giram 100 na busasshen hatsi, masara kimanin 9, shinkafa kimanin 7, kuma dukkansu, tare da acca da rogo da doya da dankali, ba su da gulutin. Game da dawa akwai abin lura, domin furotin ɗinta yana ƙara wuyar narkewa idan an dafa ta, jiƙa ta har ta yi tsami kuwa, kamar yadda ake yi wa kamu, yana rage wannan matsala. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa na ce ka ɗan haura giram 112.

Ga misalin yini guda. Da safe ka ci dafaffen ƙwai uku da ƙosan da aka yi da wake kimanin giram 50, ka sha koko, ka sami giram 30. Da rana ka ci shinkafa da wake, a auna wake giram 70 da shinkafa giram 100 kafin a dafa, a ɗora ƙaramin yankan kifi, wannan ya kusa giram 35. Bayan atisaye ka ci awara giram 150 da kofin madarar waken soya, ka ƙara giram 27. Da dare ka ci tuwon dawa ko na masara da miyar agushi ko ta kuka, da nama ko kaza gwargwadon tafin hannu, abin da zai kai giram 35 zuwa 38. Jimilla ta kusa giram 130, babu alkama, babu madara, babu hodar kanti. Ranar da aljihu ya yi sanyi, ka rage naman ka ƙara awara da busasshen kifi a miya, ka kuma zuba garin waken soya da aka soya a cikin kunu.

Na san za a ce maka waken soya yana rage mazakuta, domin magana ce da ta yaɗu a wuraren ɗaga ƙarfe. Nazarin da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza, wanda aka buga a 2010 aka kuma sabunta a 2021, bai sami wata shaida cewa cin soya yana rage sinadarin testosteron ba. Wani gwaji kuma da aka yi a birnin Sao Paulo na ƙasar Barazil, aka buga a 2021, ya kwatanta samari masu cin tsirrai zalla da masu cin nama, duka a kan giram 1.6 a kowane kilo na tsawon mako 12 na atisaye, kuma ƙarin tsoka da ƙarfin da ɓangarorin biyu suka samu bai bambanta ba. Kai da kake cin ƙwai da kifi da nama, lamarinka ya ma fi nasu sauƙi.

Hodar furotin ba wajibi ba ce, amma idan kana da hali kuma tana sauƙaƙa maka, akwai ta waken soya, da ta koren wake na Turawa, da ta shinkafa, da ta farin ƙwai, kuma haɗin ta koren wake da ta shinkafa yana cike giɓin juna. Wei da kesin duk daga madara suke, ko da an rubuta cewa an tace su. Ka kuma guji naman ƙarya da ake shigowa da shi daga waje mai suna seitan, domin shi gulutin ne zalla. Kowace roba za ka saya, ka karanta jerin abin da ke cikinta, ka nemi shaidar cewa ba ta da gulutin, wanda a ma'aunin ƙasa da ƙasa yake nufin bai kai miligiram 20 a kowane kilo ba, ka kuma duba lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, saboda jabu ya yi yawa a wannan kasuwa. Madarar aya da ta kwakwa da ta almon suna da daɗi, amma furotin ɗinsu kaɗan ne ƙwarai, kada sunan madara ya sa ka ƙirga su.

Abin da ya fi ba ni damuwa a kan masu irin lalurarka shi ne alkamar da ke ɓoye, domin ita ce take sa mutum ya yi zaton ya bar ta alhali yana cin ta kullum. Gurasa da alkaki da funkaso da fanke da cincin da taliya da kuskus da tuwon semo duk sanannu ne. Amma ɗanwake, wanda asalinsa garin wake ne da na dawa ko rogo da kuka da kanwa, yanzu a gidaje da yawa fulawa ce ta fi yawa a cikinsa, wasu masu waina da sinasir ma sukan ɗan zuba ta a ƙullu. Mai suyar da ta soya fanke takan jefa ƙosai ko awara a cikin man nan dai. Injin niƙan unguwa da aka gama niƙa alkama a cikinsa zai bar ɓurɓushinta a garin dawarka, don haka ka nemi injin da ba a kai masa alkama, ko a wanke shi, ko a fara niƙa wani hatsi kafin naka. Wasu dunƙulen ɗanɗano na miya da tsiran kanti da miyar soya ta kwalba suna ɗauke da alkama, kayan shayi na gari da lemon malt kuma da yawansu suna da sha'ir, wasu har da madara. Ta ɓangaren madara kuwa, ka tuna da man shanu da akan zuba a miya, da madarar gari da ake sa wa kunun gyaɗa, da cuku. Fura ita kaɗai gero ce, kana iya dama ta da madarar waken soya a maimakon nono.

Furotin kaɗai ba ya gina jiki idan abinci bai ishi mutum ba, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda ya bar burodi da taliya da madara rana ɗaya yakan rage ɗaruruwan kalori bai sani ba, sai jiki ya koma ƙona furotin ɗin da aka ci don samun kuzari. Kana buƙatar ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana bisa abin da ke riƙe nauyinka, kuma tuwo da doya da dankali da ayaba da dabino da gyaɗa za su ba ka su cikin sauƙi. Sai kuma kalsiyam, wanda baligi ke buƙatar kimanin miligiram 1,000 a rana, kuma shi ne babban giɓin da barin madara ke haifarwa. Ka neme shi a ƙananan kifayen da ake ci da ƙayarsu, da sadin na gwangwani, da riɗi, da zogale, da kuka. Awarar da ake yi a gida da ruwan tsami ko tsamiya ba ta kai wadda ake daskarar da ita da gishirin kalsiyam yawan wannan sinadari ba, don haka kada ka dogara da ita a wannan fanni.

Daga bayaninka na fahimci cewa kai ka yanke wa kanka hukuncin barin abincin nan ba tare da gwaji ba, kuma ina roƙonka ka je ka ga likita, domin sanin ainihin lalurar zai canza abubuwa da yawa. Idan cutar siliyak ce, wadda take kama kimanin mutum ɗaya cikin ɗari a duniya, gulutin yana sa garkuwar jiki ta lalata bangon ƙaramin hanji, abin da ke hana tsotse sinadarin ƙarfe da kalsiyam da sauran abubuwan gina jiki, kuma maganinta shi ne barin gulutin gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa, har da ɓurɓushin injin niƙa. Gwajin jini da na hanji ba sa nuna gaskiya sai mutum yana cin alkama a lokacin, don haka ka gaya wa likita cewa ka riga ka daina, shi zai tsara yadda za a yi. Lalacewar hanjin kanta takan sa mutum ya kasa narkar da madara na wani lokaci, idan hanjin ya warke sai ya dawo yana sha lafiya.

Ita ma madarar matsalarta iri biyu ce. Akwai rashin iya narkar da laktos, wato sukarin madara, wanda shi ne halin kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya, ya kuma yawaita a Afirka ta Yamma, in ban da al'ummomin makiyaya irin Fulani da yawancinsu ke riƙe wannan ƙarfi har girma. Masu rashin iya narkar da laktos da dama suna iya shan kindirmo ko yogot, domin tsami ya rage laktos ɗin, wasu ma suna jure kofi guda na madara idan sun haɗa da abinci. Akwai kuma alaji, inda garkuwar jiki take yaƙar furotin ɗin madarar kansa, ya zo da ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, kuma mai wannan ba shi ba nono, ba shi ba wei kowane iri. Idan kuma kana da ciwon ƙoda, kada ka ƙara furotin zuwa adadin da na ambata sai da izinin likitanka, amma ga mai lafiyayyar ƙoda bincike bai nuna wata illa a wannan adadi ba.

Ka riƙa rubuta abin da ka ci na tsawon mako biyu har idonka ya saba da ma'auni, ka hau sikeli sau ɗaya a mako da safe kafin karin kumallo, ka kuma rubuta nauyin ƙarfen da kake ɗagawa. Ƙarin kilo ɗaya a wata, tare da ƙaruwar ƙarfi da barcin awa bakwai zuwa tara, alama ce cewa tsarin yana tafiya daidai. Idan wata biyu suka wuce nauyinka bai motsa ba, ka ƙara yawan abinci kafin ka ƙara furotin. Idan kuwa kana ci sosai amma kana ramewa, ko zawo ya ƙi tsayawa, ko kana yawan gajiya da jiri, to ka koma asibiti a duba jininka da hanjinka kafin ka sake taɓa tsarin abincin.